Makina sun taru, amma an ce tikitin Mma ba ya ɗaguwa

Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Kumasi, gidanmu yana Aboabo, shagona a Kejetia. Ina fita waje saro jakunkuna da takalma da mayafai, shekara da shekaru kuma jirgin kamfani ɗaya nake bi. Makin da suke ba ni a kowace tafiya ban taɓa cire ko ɗaya ba, don na ƙudurta duk ranar da Allah ya kira mahaifiyarmu Umra, da su zan zaunar da ita a kujerar biznes. Mma ta haura shekara 70, gwiwoyinta sun gaji, ko motar Akra ta shiga sai ta kwana biyu tana jinya.

Bana Allah ya nufa muka haɗa kuɗi. Lokacin sayen tikiti ina kan hanya, sai na bar wa autanmu, tunda shi zai raka ta. Ya shiga wani shafin intanet na masu sayar da tikiti, ya samu ragin kusan sidi 2,000 a kan kowane ɗaya, ya saya musu su biyu a haɗe. Da na dawo na kira kamfanin jirgin don a ɗaga na Mma zuwa biznes da makina, sai aka ce in koma inda aka saya. Shafin kuwa ba mutum, na'ura ce ke amsa saƙo. Saura mako biyar su tashi, an kuma aiko mini cewa wasu daga cikin makin za su mutu ƙarshen wata mai zuwa. Raina ya ɓaci na yi wa yaron faɗa a gaban matarsa, yanzu ko gaisuwa da ƙyar. Wani a kasuwa ya ce ya san mai gyarawa in na ba da lambar asusuna da lambar sirri. Akwai hanya, ko in soke in sayi sabo?

'Yar kasuwa, Aboabo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya, ya kai Mma lafiya ya dawo da ita lafiya. Kafin komai, kada ki soke tikitin nan, kada kuma lambar sirrinki ta fita daga bakinki. Sauran magana mu bi ta a hankali.

Amsar da aka ba ki a waya ba ƙarya ba ce, amma rabin amsa ce. Sayen tikiti a hannun dillali, ko na intanet ko ejan mai ofis a Adum ko Nima, shi kaɗai ba ya hana a ɗaga shi da maki. Mutane da yawa suna saye a wurin ejan kuma a ɗaga musu. Abin da ke yanke hukunci wani harafi ne guda ɗaya da ke jikin tikitin, wanda yawancin matafiya ba su taɓa lura da shi ba.

Kujerun ikonomi a ido duk ɗaya ne, amma a lissafin kamfani an kasa su kashi-kashi, kowane kashi da harafinsa da kuɗinsa. Y shi ne cikakken kuɗi, mai tsada, wanda in kin so ki canza rana, in kin fasa a mayar miki da kuɗinki. A kamfanoni da yawa B da M ke biye da shi. Daga nan sai gangara: kuɗi na raguwa, haƙƙin mai tikiti na raguwa tare da shi, har a kai can ƙasa inda canjin rana sai da tara, fasawa asara ce, makin da za a ba ka kaɗan ne ko babu, ɗagawa kuma an rufe ƙofarta. Ke da kike kasuwa kin san wannan. In kin karyar da ragowar takalma bayan Sallah, ai kina gaya wa mai saye tun a bakin shago cewa wannan ba canji ba dawowa. Takalmin bai canza ba, sharaɗin ne ya canza, kuma ragin da kika yi shi ne kuɗin sharaɗin. Shafukan nan suna jera mafi araha a sama, mafi araha kuwa kusan kullum daga wancan kashin na ƙasa yake fitowa.

Ba ki faɗi kamfanin ba, to bari in kawo miki yadda wasu daga cikin masu sauka Akra suke yi, ki ga inda naki ya faɗa. A Emirates sunaye suke sa wa tikitin ikonomi: Special, Saver, Flex da Flex Plus. Special ba a ɗaga shi da makin Skywards ko kaɗan. Saver sai an buɗe cekin (rajistar shiga jirgi), wato awa 48 kafin tashi, ko a filin jirgi, in akwai wuri. Flex da Flex Plus su ne ake iya nema musu tun da wuri. British Airways ta ware haruffan Q da O da G, ba a ɗaga su da makinta na Avios, sauran kuma mataki ɗaya kawai ake hawa da su. Ethiopian da Turkish da EgyptAir duk 'yan ƙawancen Star Alliance ne, ana iya amfani da makin ɗayansu a ɗaga kujera a jirgin ɗaya, amma a wannan tsarin na tsakanin kamfanoni galibi sai tikitin Y ko B, waɗanda kusan ba ɗan kasuwar da ke saye. A jirgin kamfanin da ya ba ki makin da kansa, ƙofar ta fi faɗi. Dokokin nan suna canzawa, saboda haka abin da ke rubuce a shafin kamfaninki a ranar da kika duba shi ne abin riƙewa.

Ina harafin yake? A rasit ɗin tikitin, wanda ke ɗauke da sunan Mma da lambar jirgi da rana, za ki ga wurin da aka rubuta Class ko Fare Basis. Na biyun jerin haruffa da lambobi ne, harafin farko shi ne wanda muke nema. Ki duba kowane zango daban, don yana yiwuwa na tafiya ya zama harafi ɗaya, na dawowa wani. Sannan ki kai ido wurin da ya kamata a rubuta kuɗin tikitin. In kin ga adadi, madalla. In kuwa kin ga BT ko IT a maimakon kuɗi, to tikitin sari ne, irin wanda kamfani ke ba manyan dillalai a farashin da ba a bayyanawa, ko wanda ake haɗawa da otal. Irin wannan da wuya a ɗaga shi da maki, ko da harafinsa mai kyau ne. Haka ma tikitin ayari, wanda ejan-ejan ɗin Umra ke yanka wa mutum ashirin ko talatin a dunƙule. Masu karatu da ke shirin biyan kuɗin Umra na haɗaka su san da wannan tun yanzu. Jiragen Hajji da ake ɗauko haya su kwashi alhazai daga Tamale da Akra kuwa, su ma ba ruwansu da maki.

Bayan harafi sai lambar tikiti. Lambobi 13 ne, ukun farko suna gaya miki kamfanin da aka yanki tikitin da sunansa: 176 Emirates, 071 Ethiopian, 235 Turkish, 157 Qatar, 077 EgyptAir. Ki tabbatar ukun nan na kamfanin da kike da maki a wurinsa ne, ki kuma tabbatar jirgin da Mma za ta shiga nasu ne, ba na abokin hulɗarsu ba. Ana sayar da kujera da sunan kamfani ɗaya alhali wani ne zai ɗauki mutum, ana rubuta hakan da ƙananan haruffa a ƙasan lambar jirgi. A irin wannan zangon maki ba su cika aiki ba. Akwai kuma shafukan da ke ɗinka tikiti biyu na kamfanoni biyu da ba su san da juna ba, su sayar a matsayin tafiya ɗaya. In kin ga lambar tikiti biyu daban a kan sunan Mma ita kaɗai, maganar ɗaga kujera ma ta zama ƙarama, domin a wurin yada zango za su karɓi kayansu su sake awo, in jirgin farko ya makara kuma na biyun ba zai jira su ba, ba zai biya su ba. Wannan ya kamata ku sani yau, ba a filin jirgi ba.

Yanzu dalilin da ya sa aka ce ki koma inda aka saya. Tikitin da dillali ya yanka yana hannunsa har tafiya ta matso. Shi ya karɓi kuɗi, shi ke da alhakin canji da mayarwa, ɗaga kujera kuwa sau da yawa sai an sake yanka tikitin. Wasu kamfanoni suna karɓar ragamar su yi da kansu, wasu ba sa taɓawa. Ma'aikacin da ya ɗauki wayarki yana jin an ambaci shafin dillali, amsar da ta fi masa sauƙi ita ce wadda ya ba ki. Saboda haka ki sake kira, amma a layin masu maki, ba layin sayar da tikiti ba, kuma da takarda a gabanki. Lambar da shafin ya ba ƙaninki tasu ce ta cikin gida, kamfanin jirgi bai san ta ba. Wadda za ki bayar ita ce mai haruffa da lambobi shida. Da ita da sunan Mma kamar yadda yake a fasfo za ki iya buɗe tafiyar a manhajar kamfanin tun kafin ki kira, wani lokaci ma a nan za ki tarar da maɓallin ɗagawa yana jiran ki, ko ki tarar an rubuta ƙarara cewa wannan tikitin bai cancanta ba.

In kin samu mutum, kada ki fara da labarin shafi. Ki ce ga lamba, ga harafin tikiti, shin wannan harafin yana ɗaguwa da maki? In an ce e, ki tambaya ko akwai kujerar maki a wannan jirgin a wannan ranar. In an ce akwai, sannan ki tambaya wa zai sake yanka tikitin, su ko dillali, nawa ne kuma cikon haraji. Za a nemi ciko, domin harajin filin jirgin Ghana na mai biznes ya fi na mai ikonomi, wasu kamfanoni kuma suna da nasu ƙarin. Ki tambaya kuma ko sai kin sa sunan Mma a asusunki kafin ki kashe mata maki, don akwai masu wannan sharaɗin. Ki rubuta sunan wanda kika yi magana da shi da ranar.

Tambaya ta biyu ita ce ke karya zuciyar mutane. Kujera a buɗe daban, kujerar maki daban. Za ki buɗe taswirar jirgi ki ga gaba wayam, amma a ce miki babu, saboda kamfani yana riƙe da kujerun yana fatan mai kuɗi a hannu zai zo, sai 'yan kaɗan yake saki wa masu maki, wani lokaci sai daf da tashi. Hanyar Jidda da Madina a Ramadan da hutun Disamba cike take. Ko da autanku ya sayi tikiti mafi tsada a ofishin kamfanin da kansa, ba wanda ya isa ya rantse miki cewa kujerar nan za ta samu.

In Allah ya sa harafin yana ɗaguwa, kada ki watsa makin a kan kowane zango. Daga Akra zuwa Adis Ababa ko Alƙahira wajen awa shida ne, Istanbul wajen bakwai, Dubai kusan takwas. Daga can zuwa Jidda kuwa awa biyu ne zuwa huɗu. Dogon zangon shi ya cancanci maki. In kuma ba su isa zuwa da dawowa ba, ni dawowa zan zaɓa. A tafiya Mma tana da ɗoki da sauran ƙarfinta. A dawowa ta yi ɗawafi, ta yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa wanda ya haura kilomita uku in an haɗa bakwai ɗin, ta yi kwanaki tana taka dutse daga masauki zuwa Harami, ƙafa ta kumbura, ga murar Makka da ba ta barin kowa. A nan kujerar da ke kwantawa take da rana. Sai dai ki ɗauko kalanda. In an tabbatar miki da kujerar tun yanzu, yanzu za a cire makin, mutuwarsu ba ta shafe ki ba. In kuwa tikitin irin wanda sai awa 48 kafin tashi ne, ki duba ko ranar dawowar tana bayan ranar da makin za su mutu. In haka ne, gara ki gwada a tafiya.

Ga wani abu da ba ki ambata ba, ni kuwa ya fi damuna. Su biyu suna kan lamba ɗaya, wato mai haruffa da lambobi shidan nan. Kafin a ɗaga mutum ɗaya sau da yawa sai an raba lambar gida biyu, rabawar nan kuma tana iya komawa hannun dillali. A ce ma an raba lafiya, Mma ta zauna gaba, ɗanta yana can baya da labule a tsakaninsu. Ma'aikatan jirgi ba sa barin na baya ya zo gaba ya zauna, sai dai leƙe na ɗan lokaci in sun ga dama. Tsohuwar da za ta so a kama hannunta zuwa banɗaki, a buɗe mata abinci, a gaya mata abin da ake sanarwa da Turanci ko Larabci, a tuna mata lokacin magani, shin za ta fi jin daɗi ita kaɗai a cikin baƙi, tana faman danna maɓallan kujerar da ba ta san kansu ba? Akwai uwayen da za su ji daɗin, akwai waɗanda za su kwana ido biyu suna waigen ɗansu. Kin fi ni sanin taki. Amma ki tambaye ta, don ban ga inda kika ce an tambaye ta ba.

Maganar sokewa a sayi sabo, ki yi ta da alƙalami. Tikiti mai araha in an soke shi akwai tarar kamfani, akwai ladan shafin a kai, wani ma harajin kaɗai ake mayarwa. Abin da za a mayar ta hannun shafin zai bi, ya koma katin da aka biya da shi, kuma yana iya ɗaukar makonni. Sabon tikitin da ke ɗaguwa ya fi wancan tsada tun asali, ga shi saura mako biyar, ga farashin yana bin dala. Ban ga ribar wannan ba, sai in kamfani ya tabbatar miki akwai kujerar maki a ranar, a sayi sabon a ɗaga shi a zama ɗaya, sannan a soke tsohon. In kika fara sokewa kafin ki tabbatar, kina iya tashi ba tsuntsu ba tarko. Akwai hanya ta tsakiya da ta fi wannan sauƙi, wato a biya bambancin kuɗi a hau da tikitin da ke hannu zuwa harafin da ke ɗaguwa. Wanda ya yanka tikitin ne yakan yi wannan, kuma ba kowane tikitin sari ne ke yarda ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi.

In duk waɗannan sun ƙi, saura kwana biyun ƙarshe. Da an buɗe cekin ragamar tikiti takan koma hannun kamfani, dillali ya fita daga tsakani. A lokacin wasu kamfanoni suna tallata ragowar kujerun gaba da maki ko da kuɗi, wasu kuma tun kafin nan suke buɗe ciniki kowa ya faɗi abin da zai iya biya, su zaɓa. Saƙon tayin nan ta imel yake zuwa, shafukan dillalai kuma sukan sa adireshinsu a maimakon na matafiyi, sai saƙon ya tafi inda ba mai karantawa. Ki shiga manhajar ki sa imel da lambar wayar ƙaninki, don ko ba maganar kujera, ta nan za a sanar da su in an canza lokacin tashi. Ranar tafiya su isa Terminal 3 na filin jirgin Akra da wuri, ƙaninki ya tambaya a kantar cekin cikin ladabi ko akwai tayin ɗagawa da nawa. In da maki ne, za su buƙaci izininki, to wayarki ta kasance a kunne. Wanda aka ɗaga a kanta kada ya ɗauka an ƙara masa kilo, ya tambaya tukuna.

To amma me gwiwar Mma take buƙata? Zama a jirgi wahala ce, sai dai abin da ke kayar da tsofaffi a wannan tafiya ya fi yawa a ƙasa: tsayuwa a layi, doguwar tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa a Dubai ko Istanbul, hawa matakala in jirgi ya tsaya nesa aka kwaso mutane a bas. Maganin wannan kyauta ne, ba ruwansa da harafin tikiti ko inda aka saya. Ku nema mata keken da ake tura mutum, aƙalla awa 48 kafin tashi, a kowane zango, zuwa da dawowa. In tana iya hawa matakala amma ba ta iya doguwar tafiya, WCHR za a rubuta. In matakalar ma ba ta iyawa, ku ce WCHS, don a tanadi abin ɗaga ta. Za ta ce ita ba gurguwa ba ce, duk haka suke cewa. Ku gaya mata mai keke shi ake fara shigarwa, ba ya bin layi, ɗan rakiyarsa ma yana cin albarkacinsa. Sannan ku biya kuɗin zaɓen kujera su zauna tare, ita a bakin hanya, kusa da banɗaki, inda za ta miƙe ta ɗan taka ba tare da ta tayar da kowa ba. Kada ku yi asarar kuɗi a kan kujerar ƙofar gaggawa don kun ga tana da fili, ba a zaunar da mai raunin ƙafa a nan, za a tashe ta. Ta ga likitanta kafin tafiya a kan maganin gwiwa da safar matse ƙafa.

Kin kuma ce motar Akra tana kwantar da ita kwana biyu. To ai nan ne gyara mafi kusa. Hanyar nan wajen kilomita 250 ce, amma in Nsawam da Pokuase sun cushe sai ta cinye awa shida. Daga filin jirgin Prempeh na Ɗaya, wanda ke nan kusa da ku, Africa World da PassionAir suna kai mutum Akra cikin ƙasa da awa ɗaya. Ragin da autanku ya samu a tikiti biyu zai ɗauke kaso mai tsoka na wannan. Tikiti ne daban, jirgin waje ba zai jira su ba in na cikin gida ya makara, balle lokacin hazo, saboda haka su sauka Akra da safe ko ma su kwana wurin dangi a unguwar Nima ko Madina ta Akra. Kilon jirgin cikin gida bai kai na waje ba, manyan akwatuna su riga su tafiya a mota.

Mutumin kasuwa da mai gyaransa, ki bar su. Sayar da maki da ba wani asusu ya yi ciniki da shi ya saɓa wa sharaɗin kusan kowane kamfani, in sun gano suna rufe asusu su soke tikitin da aka taɓa, wani lokaci sai mutum ya zo kanta yake ji. Wannan ma in mai gyaran yana da gaskiya ke nan. In ba shi da ita, za ki wayi gari an yanka wa wani tikiti da makinki. Abin da dokar kamfani ta hana, ba wani a bayan shago da zai buɗe shi.

Makin da za su mutu, in ba su yi wa Mma aiki ba, ba su zama shara ba. A Emirates da Turkish maki shekara uku suke yi, tsofaffin ne ke fara tafiya, ba duka a lokaci ɗaya ba, don haka ki duba nawa ne ainihin waɗanda wa'adinsu ya zo. Abin da ake dubawa ranar da kika kashe su ne, ba ranar tafiya ba. Kina iya yanka tikitin saronki na gaba da su tun yanzu, kuɗin da kika tsira da shi ki ƙara wa Mma a masauki mafi kusa da Harami, wanda zai rage mata taku sau biyar a rana har ta gama kwanakinta. In da tun farko kin zo mini, da na ce ki duba yanka mata tikitin biznes kai tsaye da maki, don sau da yawa ya fi sayen ikonomi mai tsada sannan a ɗaga. Ki riƙe wannan don wata shekara, Allah ya maimaita mata.

Saura autanku. Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, yaron nan bai yi laifin da ya kai faɗan da kika yi masa ba. An ba shi kuɗin haɗaka, ya nemo inda zai rage wa 'yan'uwansa sidi 4,000, ya kuma ajiye aikinsa zai tura keken uwarsa a Makka. Niyyar makin a zuciyarki take, ban ga inda kika ce kin gaya masa ya sayi irin tikiti kaza ba, ke kanki ma sai yau kika ji labarin harafin. Da shafin kamfanin ya shiga ya danna mafi araha, da wataƙila nan ɗin dai za ku tsaya. Abin da ya ƙona miki rai shekarun da kika yi kina tanadi ne, wannan kuwa kowa zai fahimta, har shi, in kin faɗa masa haka. Tunda a gaban matarsa kika yi faɗan, a gabanta za ki gyara. Ke ce babba, in kika taka zuwa gidansa ba abin da ya ragu a jikinki, kuma kada Mma ta shiga ihrami tana tunanin 'ya'yanta biyu ba sa ga maciji a kanta.

Ko ba don zumunci ba ma, aikin ba zai yiwu ba sai da shi. Rasit ɗin yana cikin imel ɗinsa, asusun shafin da sunansa yake, katinsa aka cira, kuma dillalin ba zai saurari kowa a kan tikitin nan ba sai wanda ya saya. In ana son a raba lamba, ko a biya ciko a hau harafi, shi zai nema, a rubuce, ya kuma dage sai an haɗa shi da mutum. Ki je da fasfon Mma da lambar asusunki, shi ya buɗe imel ɗin, ku fara da duba harafin da lambobi ukun farko kafin ku kira kowa.